Tambaya da Amsa: Na Sayar Masa da Gida Biya Kaɗan-Kaɗan, Ya Daina Biya Kuma Ya Ƙi Tashi

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan matsala ɗaya suke: cinikin gida ko fili inda mai sayarwa ya yarda a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, ba banki a tsakani, daga baya kuma biya ya tsaya. Lauyoyin wannan shafi ne suka amsa, tare da malamin fiƙihu da ke duba mana ɓangaren shari'ar Musulunci. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Na sayar da gidana a cikin birnin Kano naira miliyan 24. Mai saye ya ba da miliyan 9 nan take, muka rubuta cewa sauran miliyan 15 zai biya dubu 500 duk wata har wata 30, na ba shi makulli ya tare da iyalinsa. Ya biya wata 8, yau wata 7 ke nan ko sisi. Takardar mallaka ta gwamna tana hannuna. Zan iya ba shi notis ɗin tashi kamar ɗan haya? Daga wani Alhaji a Kano.

AMSA: Alhaji, mutumin nan ba ɗan haya ba ne, kuma a nan ne mafi yawan masu sayarwa suke fara kuskure. Ɗan haya aron wurin zama ya yi da kuɗi, idan wa'adinsa ya cika sai a bi matakan notis a fitar da shi. Wanda ya biya wani ɓangare na kuɗin gida aka kuma ba shi makulli, kotunan Najeriya suna ɗaukarsa a matsayin mai haƙƙi a jikin gidan ko da sunansa bai hau takarda ba. Miliyan 13 ya zuba a cikin 24, fiye da rabi. Idan ka kai shi kotun da ke sauraron rikicin haya da notis na wata ɗaya ko na wata shida, lauyansa ba zai sha wahala ba: zai nuna takardar ciniki, ya ce ba haya tsakaninku, a kori ƙarar, ka yi asarar watanni da kuɗin lauya.

Kafin komai ka zaɓi abin da kake so, kuɗinka ko gidanka, domin ba za a ba ka duka biyun ba, kuma hanyar kowanne daban ce.

Idan kuɗin kake so, ƙarar bashi ce. Duba takardarku ko akwai sharaɗin da ya ce idan ya tsallake biya sau kaza duk sauran kuɗin sun zama na biya nan take. In akwai, miliyan 11 za ka nema gaba ɗaya. In babu, abin da ka fi ƙarfi a kansa shi ne wanda lokacinsa ya riga ya yi, wato miliyan 3 da rabi na wata bakwai, sauran kuwa bai nuna ba tukuna. Manyan kotuna suna da gajeriyar hanya ta bashin da adadinsa sananne ne: lauya zai haɗa takardar rantsuwa da takardar ciniki da bayanan banki, ya ce wanda ake ƙara ba shi da abin kare kansa. Idan bai kawo wata hujja ta gaske ba, a yanke hukunci ba tare da dogon sauraron shaidu ba.

Idan kuwa gidan kake so, sai an fara warware cinikin bisa ƙa'ida, sannan a yi maganar fita. Kotun Ƙoli, a shari'ar Odusoga da Ricketts ta 1997, ta ce wanda ya biya wani ɓangare ya kasa cika saura a lokacin da aka ɗiba, ko a cikin lokacin da hankali zai ɗauka, mai sayarwa yana da damar janye ciniki, ko da mai sayen ya riga ya shiga wurin. Amma damar ba ta zuwa da kanta. Lauyanka ya rubuta wasiƙa mai ɗauke da ranar ciniki, abin da aka biya da ranakunsa, abin da ake binsa zuwa yau, da wa'adi tsayayye, misali kwana 30, tare da faɗa ƙarara cewa in wa'adin ya wuce za ka ɗauki ciniki ya mutu. A kai wasiƙar hannu da hannu ya sa hannu a kwafi, ko a aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa. Hotonta a WhatsApp ƙari ne, kada ya zama shi kaɗai. A kuma ba shaidun ciniki kwafi. Wannan wasiƙa tana da muhimmanci musamman idan ka saba yi masa kawaici a baya, ya kan biya a makare ka karɓa ba ka ce komai ba, domin zai iya cewa a kotu kai da kanka ka nuna ranar biya ba ta dame ka ba.

Wa'adi ya cika bai biya ba, sai wasiƙa ta biyu: an janye ciniki daga yau, ga ranar da ake so ya miƙa makulli, ga kuma lissafin abin da za a mayar masa. Daga ranar wannan wasiƙa kada ka karɓi ko naira ɗaya da sunan biyan wata-wata. Masu taurin bashi sun san wannan dabara, sai su tura dubu 200 asusunka da daddare, gobe su ce ai ciniki na nan tunda ka karɓa. In haka ta faru, ka mayar da kuɗin nan take ta banki, ka rubuta masa dalili.

In ya ƙi fita, sai kotu. Wace kotu? Tunda gidan yana da takardar mallaka ta gwamna, sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe wa babbar kotun jiha shari'ar irin wannan ƙasa. Filin ƙauye mai takardar ƙaramar hukuma ne sashe na 41 ya ba ƙananan kotuna hurumi a kansa. Mutane da yawa sukan nufi kotun da ta fi kusa da su ko ta fi sauri, su yi nasara, sannan a rushe hukuncin a ɗaukaka ƙara saboda rashin hurumi, a koma farko. Abin da za ka roƙa: kotu ta tabbatar ciniki ya warware, ta umarce shi ya fita, ta kuma sa ya biya kuɗin zaman da ya yi daga ranar warwarewa zuwa ranar da ya miƙa makulli. Bayan hukunci ma ba kai za ka fitar da shi ba. Za a nemi takardar zartarwa, ma'aikatan kotu su je da rakiyar 'yan sanda, su suke da ikon fitar da kaya su damƙa maka gida.

Shawararmu ta gaskiya, Alhaji, ita ce kada ka fara da ko ɗaya cikin biyun. Shari'ar ƙasa tana iya cin shekaru, shi kuma yana cikin gidan yana barci. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023 farashin gidaje ya tashi a wurare da yawa, don haka akwai yiwuwar gidan ya wuce miliyan 24 a yau. Ku zauna a gaban mai unguwa da shaidun ciniki, ko a ofishin sulhu na babbar kotu, ku amince a sa gidan a kasuwa. Sabon mai saye ya tura miliyan 11 kai tsaye asusunka, sauran na mutuminka ne, kai ka sa hannu a takardar mayar da mallaka ga sabon mai saye, shi kuma ya sa hannu cewa ya yarda ya sauke haƙƙinsa. A riƙe wani kaso na rabonsa, kamar miliyan ɗaya ko biyu, a hannun lauya ko wani amintacce har ranar da ya kwashe kayansa. Ka samu kuɗinka a dunƙule tun kafin wata 30 su cika, shi ma bai fita hannu rabbana ba.

TAMBAYA: Wanda na sayar wa gida ya daina biya. Abokaina sun ce in canja kwaɗo ran da ya yi tafiya, ko in cire masa kwanon rufi da mitar wuta, ko in kai shi ofishin 'yan sanda a tsare shi har ya biya. Wanne ya fi sauri? Daga wani ɗan kasuwa a Zariya.

AMSA: Duk cikinsu babu wanda ba zai mayar da kai wanda ake ƙara ba. Tun 1986, a shari'ar da aka yi kan wani gida a Ikoyi tsakanin gwamnatin soja ta Legas da Odumegwu Ojukwu, Kotun Ƙoli ta ce ko gwamnati ba ta da ikon fitar da mutum da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu. Ko mai gidan haya na gaske, in ya fasa ƙofa ya watsar da kaya, kotu kan ci shi diyya, balle kai da mutumin ya biya ka wani ɓangare na kuɗin gidan. Cire rufi ko fasa ƙofa zai iya zama laifin kutse da ɓarna a dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, kuma duk abin da iyalinsa suka ce ya ɓace a ranar, daga gwal ɗin matarsa har kuɗin ƙarƙashin katifa, kai za a tambaya.

'Yan sanda kuwa ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda aka tsare a kan haka yana iya ƙarar take haƙƙinsa ya haɗa da wanda ya kai shi. Inda hukuma ke shigowa shi ne in akwai laifi na daban, misali ya ba ka cakin banki da ya san ba kuɗi a ciki, aka kai cikin wata uku ya dawo. Wannan akwai doka a kansa tun 1977, hukuncinta ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Garin neman gira kada a rasa ido.

TAMBAYA: In na karɓe gidana, dole ne in mayar da kuɗin da mai saye ya biya? Ina ganin ya ci su a zaman da ya yi. Sannan in na bar masa gidan, ya halatta in ƙara masa kuɗi saboda jinkiri, tunda naira ta faɗi? Daga wani malamin makaranta a Katsina.

AMSA: Malam, a dokar ƙasa ana bambanta abu biyu. Akwai kafin alƙalami, ɗan abin da ake ajiyewa don nuna da gaske ake, wanda mai saye kan iya rasawa in shi ya saɓa. Akwai kuma biyan wani ɓangare na ainihin kuɗin gida, wanda asalinsa mayarwa ake yi in ciniki ya warware, bayan an cire asarar da ka iya tabbatarwa. Abin da aka rubuta a rasit yana da nauyi, amma kotu tana duba girman kuɗin. Ba wanda zai yarda cewa rabin kuɗin gida kafin alƙalami ne. Abin da za ka iya nema a cire: gyaran ɓarnar da ya yi, da hotuna da rasit na magini da kafinta, kuɗin wuta da na ruwa da ya bari, la'adar dillali in kai ka biya, da kuɗin zama gwargwadon hayar irin gidan a unguwar. In ana ba da hayar makamancinsa miliyan 1 da dubu 200 a shekara, shi kuma ya yi wata 15, miliyan ɗaya da rabi ke nan, ba duk abin da ya biya ba. In kuma ya yi gini a ciki, ya tayar da katanga ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ka sa ran zai kawo nasa lissafin.

Ta fuskar shari'ar Musulunci maganar ta fi haka tsauri a kanka. Da zarar ka ce ka sallama ya ce ya saya, gida ya zama nasa, abin da kake da shi bashi ne a wuyansa. Jinkirin biya shi kaɗai ba ya mayar maka da gidan. Kuma tunda nasa ne, da ya rushe a hannunsa shi ke da asara, to amfaninsa ma nasa ne, don haka neman haya a kan lokacin da yake mallakarsa ba shi da ƙafa. Kafin alƙalamin da ake cinyewa in an fasa ma, Imam Malik bai halatta shi ba, Hambalawa ne suka yarda da shi.

Ƙarin kuɗi saboda jinkiri kuwa shi ne ainihin ribar da Alƙur'ani ya haramta, irin ta "ko ka biya ko ka ƙara". Ya halatta tun farko ka ce gidana miliyan 20 ne kuɗi hannu, 24 in bashi ne, a tsaya a kan guda. Bayan ciniki ya faɗa ba a taɓa adadin. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan a zamanta na Jidda a 1990, ta kuma halatta abu biyu da suke kare mai sayarwa: sharaɗin cewa in ya makara sauran bashin duk ya zama na biya nan take, da riƙe gidan a matsayin jingina har ya gama biya.

Sai a duba wane irin mai bashi ne. Wanda yake da shi ya ƙi biya, Annabi (SAW) ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne, alƙali yana iya tilasta shi har a sayar da dukiyarsa. Wanda kuwa ya shiga ƙunci na gaske, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi. Akwai hali guda da gidan kan dawo maka: in alƙali ya tabbatar ya karye, bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, kuma gidan yana nan yadda yake. A Malikiyya kana da zaɓi, ka mayar da abin da ka karɓa ka ɗauki gidanka, ko ka shiga sahun sauran masu binsa bashi a raba. In kuma kuna so ku fasa ciniki da yardar juna, ku fasa a kan kuɗin farko. Ka sayar masa miliyan 24 bashi sannan ka saye daga hannunsa miliyan 18 kuɗi hannu kafin wa'adi ya cika, wannan malaman Malikiyya sun toshe shi saboda ƙofar riba ce.

TAMBAYA: Ni na riga na sa hannu a takardar mayar da mallaka, na ba shi asalin takardun, saboda ɗan ƙawata ce. Saura miliyan 6, ya daina ɗaga wayata. Daga wata Hajiya a Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah ya kyauta. Matakin farko gobe da safe ne: lauya ya je hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, ya bincika fayil ɗin gidan. An nemi amincewar gwamna? An yi rajista da sunansa? An jinginar wa banki? Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce mayar da mallaka ba ya kammala sai da amincewar gwamna. In ba a kai nan ba, a shigar da takardar gargaɗi a fayil ɗin cewa akwai rikici, kada a ci gaba da komai.

In an riga an kammala, maganar karɓe gida ta yi nisa, amma doka ta san haƙƙin mai sayarwa da ba a gama biya ba, wanda ke rataye a jikin gidan har a cika kuɗi. Kotu tana iya tabbatar da shi ta ba da umarnin a sayar a biya ki. Rauninsa guda ne: in ya sayar wa wani da bai san da bashinki ba, ko banki ya karɓi jingina ba da sani ba, haƙƙin na iya suɓucewa. Shi ya sa ake haɗa ƙarar da roƙon kotu ta hana shi sayarwa ko jinginarwa kafin hukunci. Duba kuma abin da takardar ta ce. Yawancin irinta suna ɗauke da jimlar cewa mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa cif, kuma da ita zai kare kansa. Ki tattara duk abin da ke nuna akasin haka: saƙonnin da yake ba ki haƙuri, bayanan banki, shaidun da suka san saura nawa. In an yi hukunci bai biya ba, ana iya kama kuɗin asusunsa ta hannun kotu, a yi gwanjon mota da sauran kayansa, in ba su isa ba a nemi izinin babbar kotu a sayar da gidan. Kada ki zauna kina jin nauyin ƙawarki, ƙarar bashi tana da wa'adi. A Abuja da Legas shekara 6 ne, a wasu jihohi bai kai haka ba.

TAMBAYA: Maigidana ya rasu saura miliyan 2 a kuɗin gidan da muke ciki. Mai gidan ya ce mu tashi bayan takaba. Daga wata baiwar Allah a Gusau.

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Mutuwa ba ta kashe ciniki. Gidan ya shiga dukiyar gado, miliyan 2 kuma bashi ne da za a fitar kafin a raba komai. A Malikiyya bashin da ke da wa'adi yana zama na biya nan take da rasuwar wanda ake bi, don haka yana da damar neman kuɗinsa yanzu, amma zaɓin karɓe gida da muka ambata a sama na mai rai ne da ya karye. A kan mamaci, shi ma ɗaya ne cikin masu bin bashi, sai fa in an jinginar masa da gidan. Magada su rubuta masa cewa sun amince da bashin, su faɗi ranar biya, a kuma sanar da alƙalin da zai raba gadon. Ki adana takardar ciniki da rasit ɗin duk abin da marigayi ya biya, kada ki ba kowa asalinsu.

TAMBAYA: Ina shirin sayar da fili ta wannan hanya. Me zan rubuta? Daga wani matashi a Bauci.

AMSA: Lauya ya rubuta, ba dillali ba, da shaidu biyu aƙalla, a kuma biya harajin hatimi. A sa jimlar kuɗi, adadin kowane biya da ranarsa, da lambar asusu guda da za a riƙa turawa, ba kuɗi a leda ba. A faɗi kwana nawa ne sassauci, misali 14, da tsallake nawa ne ke jawo sauran bashin gaba ɗaya, misali uku a jere. A rubuta nawa ne kafin alƙalami nawa ne biyan ɓangare, da yadda za a yi lissafin mayarwa in an warware, da cikin wata nawa. A hana shi sayarwa, jinginarwa, zuba 'yan haya ko fara gini sai da izininka a rubuce, domin fili da aka kafa wa harsashi ya fi wuyar karɓowa nesa ba kusa ba. A sa sharaɗin cewa in abu ya ci tura za a sa filin a kasuwa a biya ka daga ciki, a ambaci wanda zai tsaya a kan sayarwar. Asalin takardu su zauna a hannunka ko wajen lauyan da kuka yarda da shi, kuma kada ka sa hannu a takardar mayar da mallaka ko ta wakilci marar janyewa sai biya na ƙarshe ya shiga. In da hali ya kawo wanda zai tsaya masa, shi ma ya sa hannu da lambar katin ɗan ƙasa da adireshin inda ake samunsa.